Injin da Mai Agogo Ya Saya da Kunne

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da Mai Agogo. Bangon kuwa irin na gidan haya ne, wanda idan maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka fara yi masa sannu. Don haka idan na ce na san mutumin nan, ba cika baki nake yi ba.

Gajere ne, siriri, mai tsadar magana. Rumfarsa tana bakin tasha, faɗinta bai fi tabarma ba: akwatin gilashi, ɗan madubin da yake maƙalawa a ido, da gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi. Idan ka kawo masa agogo ba ya buɗewa tukuna. Sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, sannan ya faɗa maka ciwonsa. Tun da waya ta fara nuna lokaci kasuwarsa ta mutu, sai dai canjin batir da maɗauri, amma bai taɓa fashin fita ba.

Matarsa, da muke kira Inna, ita ce kishiyar halinsa. Shekara talatin tana girki a kicin ɗin wata makaranta, kuma muryarta ta saba da kiran yara ɗari. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta mayar da duk gidan 'ya'yanta. Ba a wuce ƙofarta da yunwa. Ita ce mai fasa ƙashi da haƙori tana yi mana gorin cewa mu 'yan yanzu ba mu iya cin abinci ba. Takan nuna mijinta ta ce, "Ni ce dogon hannun agogo, ina ta zagaye. Shi gajeren ne, sai ya ga dama yake motsi." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

Sai ciwo ya kama ta a muƙamuƙi. Aka yi mata aiki a asibiti, ta dawo da mayafi naɗe har hanci, ta shige ɗaki ta saki labule. Muka je dubiya, Mai Agogo ya tare mu a bakin ƙofa ya ce tana barci. Kullum tana barci. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har na ce a raina wannan wace irin rowar mara lafiya ce.

Daga baya ne shi da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya faru. Inna ba ta iya tauna komai, sai abin da aka markaɗa ya zama ruwa. Likita ya ce a nemi bilenda, wato injin markaɗe, a riƙa haɗa mata ayaba da madara da gyaɗa da duk abin da zai riƙe ciki. Ita kuwa ta kama hannunsa ta sa ya yi mata alkawari: kada kowa a gidan nan ya san matar da ta ciyar da su ta koma shan abinci kamar jaririya. Ya ce ya ɗauka. Ya manta da bangon.

Da ya tuna, sai ya shiga kasuwa neman abin da babu mai nema. Kuɗin hannunsa ba su taka kara sun karya ba, na wani tsohon agogon aljihu ne da ya gada daga maigidansa ya sayar. Ya bi layin masu kayan lantarki shago bayan shago. Manya masu babban mazubi ya wuce su, cikin mutum ɗaya zai ciyar. Ƙarami yake so, mai kofin da ake markaɗe a ciki a kuma sha a ciki, don kada wanke-wanke ya tona asiri a bakin famfo. Yana son mai caji, saboda yunwar mara lafiya ba ta jiran a kawo wuta. Duk wanda aka miƙo masa kuwa sai ya ce a kunna, ya kara a kunne, ya lumshe ido.

Wani mai shago ya gaji ya ce, "Baba, rediyo kake nema ko injin markaɗe? Wannan har ƙanƙara yake niƙewa."

"Ba ƙanƙara zan niƙa ba, ɗana. Wanne ne ya fi kunya a cikinsu?"

"Mai shiru akwai, amma kuɗinsa ya ninka wannan sau huɗu. Araha ba ta ado, Baba. Mai araha dole ya yi ihu."

Kwana uku yana wannan zagaye. A ƙarshe ya ɗauki wani ɗan kore, wanda ya ce ƙararsa ba daga injin take ba, daga jijjigar roba ce, kuma wannan ciwo ne da ya san maganinsa. Ya kai shi rumfa ya kwance, ya ɗaure abin da ke rawa, ya yanka tsohon tiyub na keke ya yi masa takalmi. Sannan ya fitar da hanjin wani babban agogon bango, ya liƙe cikin akwatin da tsummoki, ya mayar da shi ɗakin bilenda. A ciki yake kunna ta ya rufe ƙofa.

Wallahi ina ji. Ƙarfe bakwai daidai na safe, wani ɗan gurnani kamar na ƙudan zuma a cikin kwalba, na ƙirga ashirin sai ya tsaya. Sannan ƙarar cokali, sannan muryarsa ƙasa-ƙasa yana lallashi: "Ƙara kurɓa ɗaya, don Allah." Ranar farko na gane komai, na zauna a kan keken ɗinkina na yi kuka, na kuma ji kunyar haushin da na yi. Tun daga ranar, bakwai saura minti biyu nake kunna rediyo in ƙure murya. Mai gidana ya ce yaushe na zama ma'abociyar labaran duniya, na ce ya sha shayinsa ya bar ni.

Ba ni kaɗai ba ce mai kunne. Matan gidan muka fara kai masa agogunan da lafiyarsu ƙalau, ya kara a kunne ya ce bai ji komai ba, mu ce ai jiya ya tsaya. Ladan dubawa sai mu ajiye nonon ayaba ko gwanda mu yi gaba kafin ya buɗe baki.

Wata biyar ana haka. Wata rana da hantsi, Mai Agogo yana rumfa, na ji an ƙwanƙwasa bango sau uku. Na shiga. Da ƙyar na gane ta, Inna da take cika ƙofa ta koma kamar tsinke a cikin zane. Magana ta gagare ta. Ta jawo kwalin magani ta yi rubutu a bayansa, ta miƙo mini: "Na gode da rediyo. Kada ki faɗa masa. Yana ganin akwatinsa na aiki." Idanunta suna dariya, irin dariyar da take yi idan ta zolaye shi. Na riƙe hannunta.

Bayan kwana tara, na kunna rediyo kamar kullum, amma kunnena yana bango. Bakwai ta yi. Bakwai da biyar. Da ta kai bakwai da goma na kashe rediyon na fita ko takalmi babu. Na same shi zaune a bakin gado, kofin a hannunsa, ya yanka ayaba a ciki, ya zuba madara, bai kunna ba.

Da masu gaisuwar rasuwar Inna suka watse bayan 'yan kwanaki, ya zo ƙofata da bilendar a naɗe cikin tawul. A tsaye ya ba ni labarin nan duka, bai taɓa yin magana mai tsawon haka ba. Ya ce in riƙe, in riƙa yi wa yara. Har ya juya, sai ya dawo.

"'Yata, tsakaninki da Allah, kin taɓa jin wani abu ta bangon nan?"

"Ni da rediyona, Baba? Me zan ji?"

"To me ya kawo ki da safen nan? Bakwai da goma, na duba."

Na ce aron ashana na zo yi.

Ya daɗe yana kallona, kansa a ɗan karkace, kamar yadda yake yi wa agogo. Na kuwa san kunnen nan bai taɓa kuskure ba. Sai ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka saki.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Abu ɗaya ta taɓa roƙo na a duniya, kuma na cika mata."

Kwalin maganin yana nan a ƙarƙashin keken ɗinkina, zai kuma ci gaba da zama a can. Yarana suna damuna in yi musu ayaba da madara. Ina yi musu, amma da rana tsaka, idan na tabbatar Baba ya tafi rumfa.