Ranar da Na Kashe Mota a Dei-Dei

A shekarar da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Jos, ni da 'yata kaɗai muka rage a gidan da muke haya a Tungan Maje. Shekarunta shida a lokacin. Kullum da safe nakan ajiye ta a makaranta in wuce ma'aikatarmu da ke cikin gari, a wata tsohuwar ƙaramar mota da na san halinta sarai. In na cika tanki ranar Lahadi, yakan kai ni Juma'a har da saura.

Sai ga wani mako, tun ranar Laraba allurar mai ta kwanta a kan ja.

Gidan mai na fara zargi, na canza wani, amma ba abin da ya sake. Na kai motar wurin wani bakanike a Gudu, ya canza filogi, ya busa matatar iska, ya ƙara wa tayoyi iska, ya ce ta gyaru. Mako ya zagayo, man ya sake ƙarewa ranar Laraba.

Daga nan tsoro ya shige ni. Katangar gidanmu gajera ce, kuma duk unguwa an san maigida ba ya nan. Na sa a raina wani ne yake haurowa yana zuƙe man, kuma wanda ya saba haura katanga wata rana ƙofar falo zai taɓa. Na ɗaura zare a murfin tanki, na barbaɗa toka kewaye da motar. Da safe zaren yana nan, babu sawun kowa. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ƙasa a bushe.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne hancina. Tun wani zazzaɓi mai zafi da na yi shekara biyu kafin nan, ba na jin ƙamshi, ba na jin wari. Yarinyar takan ce, "Mama, motar nan wari take yi, kaina yana ciwo." Ni kuwa sai in ce makaranta ce ba ta so.

Ranar wata Alhamis muka maƙale a cunkoson Dei-Dei. Tirelar siminti a hagunmu, motar shanu a gaba. A bakin titi, kusa da ƙofar da 'yata take zaune, wata mata tana gasa masara, tana fifita garwashi, tartsatsi na tashi.

Sai wani dattijo mai sandar kiwo ya buga mini gilashi da ƙarfi. Na sha jin labarin masu irin wannan dabarar, su ce tayarki ta sace, kina fitowa su wawure jaka. Na danna makullin ƙofofi.

"Hajiya, kashe motar!" ya ce. "Mai ne yake zuba! Don girman Allah kashe ta!"

Na kau da kai kamar ban ji ba. Ya zagaya da gudu wajen mai masarar, ya nuna mata ƙarƙashin motata. Matar ta leƙa sau ɗaya, ta suri bokitin ruwanta ta juye a kan garwashin, har da masarar da ke kai.

Na murɗa makulli na fito. Na buɗe ƙofar baya, amma hannuna ya kasa ɓalle bel ɗin yarinyar. Ina dannawa, yatsuna suna zamewa, bakina ba ya cewa komai sai innalillahi. Ita ta ɓalle da kanta, ta ce, "Mama, ga shi." Na sungume ta na tsallaka kwata, takalmina ɗaya ya faɗa ciki ban waiwaya ba.

Maza huɗu suka tura motar gefe, nesa da masu wuta. Aka kira wani bakanike Bayarabe da ke da rumfa a bayan masu sayar da rodi. Ya ɗaga motar da jak, ya kwanta a ƙarƙashi, ya sa aka murɗa makulli rabi ba tare da an tayar da inji ba. Sannan ya kira ni.

"Madam, zo ka gani da idonka."

Ban so zuwa ba, amma na durƙusa. Daga jikin wani baƙin tiyo, mai yana feso siriri kamar daga bakin sirinji.

"Ɓera ne ya ci shi," in ji shi. "In mota yana aiki, famfo yana tura mai, yana fita. In ka kashe, ya tsaya, ya bushe. Shi ya sa ba ka gani a gida."

Ya ɗora tafin hannunsa tsakanin tiyon da salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi. Hannun bai ma shiga sosai ba.

"Kwana nawa kana yawo haka?"

Na ce mako uku. Ya dube ni, ya dubi yarinyar.

Ya yanke tiyon ya sa sabo, ya ɗaure bakin biyu tamau, ya goge wurin, ya bar shi ya sha iska. Da ya tayar da injin sai na ja 'yata baya har muka jingina da tulin bulo. Ya bar motar tana aiki ya sake shiga ƙarƙashi, ya goga farar takarda a jikin tiyon, ya fito ya nuna mini ita a bushe.

Na nemi dattijon ban same shi ba, an ce motar shanunsu ta wuce. Mai masarar tana tsince jiƙaƙƙen gawayi tana shanyawa a kan buhu. Na yi mata godiya, ta ce, "Ke, je ki kai yarinyar asibiti tukuna."

Can muka nufa. Na tuƙa a hankali, gilasai duka a sauke, ƙafata ɗaya ba takalmi a kan totur. Sau biyu ina tsayawa a gefen hanya in leƙa ƙarƙashin motar kafin mu isa.