Takardar Sakin da Ta Ba Ni Gado

Ko da zan manta da shekaruna, ba zan manta da ranar da wan mijina ya ba ni gado da bakinsa ba, alhali ya zo ne ya hana ni.

Zamanin mulkin soja ne, ana ta tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an bi layi. Shekararmu goma sha shida da maigidana a wani ƙauye kusa da Makarfi. Allah bai ba mu haihuwa ba. Shi yana noman rake, ni ina dafa mazarƙwaila. Da takin zamani ya gagara, ya sayar da akuyata bai shawarce ni ba. Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na faɗi abin da na faɗa, ya rubuta mini saki ɗaya, na tafi gidanmu a Dandamisa cikin fushi, ko takardar ban ɗauka ba.

Ina jiran biko sai ga labarin maciji ya sare shi a gonar rake, ya rasu. Har yau idan na tuna da faɗa muka rabu, zuciyata takan yi zafi.

Na je gidan in zauna takaba, wansa ya tare ƙofa. "Takabar wa? Sakakkiya ce ke. Ko tsinke ba ki da shi a nan."

"Yaya, ko kaskon dafa rakena a ba ni, da gumina na saya."

Ya ce in kai ƙara in na isa.

To, na isa. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya tafi, ba mai ci da ni, kuma kaskon nan shi ne abincina. Kasko kawai na je nema kotu, don ni kaina na ɗauka saki ya raba ni da komai.

Ranar zama, Yaya ya sha babbar riga, ya zaro takardar yana murmushi. "Allah ya gafarta Malam, ga hujja. A gabana ya rubuta."

Alƙali ya karanta, ya ɗago kai. "Saki nawa?"

"Ɗaya."

"Yaushe?"

"Ranar kasuwar Makarfi, mako uku kafin rasuwarsa. Ko Alƙur'ani zan dafa."

Alƙali ya juyo gare ni. "Baiwar Allah, kin gama idda kafin ya cika?"

Na sunkuyar da kai don kunya, na ce ban gama ba.

"To, matarsa ce ke har ya koma ga Allah. Takaba ta hau kanki, kuma tunda bai bar ɗa ba, rubu'in duk abin da ya bari naki ne. Kasko kuwa dama ba ya cikin gado."

Yaya ya miƙe zumbur. "Amma ai ya sake ta!"

"Kai ka kawo shaidar, Malam, kai kuma ka faɗi ranar. Zauna."

Wallahi da ba kotu ba ce da na rangaɗa guɗa. Kuka na yi a maimakon haka, rabi na daɗi, rabi na kewar mijina. Da aka zo rabo, yankin fadama ya faɗo mini. A ɗakina na yi takabata, kuma raken fadamar nan ne ya riƙe ni da tsohona har ya rasu.

Tun daga ranar na gane jahilcina ya fi Yaya cutar da ni, don da ya miƙo mini kasko a ƙofar gida da na yi godiya na tafi. Shi ya sa duk macen da mijinta ya rasu nakan ce mata: kada ki yafe haƙƙinki kafin ki tambayi masu sani ko mene ne shi.