Yalwa Nomau da Makullin Ruwa

Shekara goma sha tara ke nan ina aiki a biron magajin gari, wato ofishinsa, a Maradi. Aikina shi ne tabbatar da takardu: in duba kwafi da asali, in ga mutum ya sa hannu a gabana, in buga hatimi, in rubuta a rajista. Bara aka ƙara mini wani. Wata gidauniya ta ba da tallafin karatun jami'a ga ɗalibai goma sha biyu masu maki mai kyau, waɗanda za su ɗau alkawarin yi wa gwamnati aiki shekara biyar, aka ce ni zan karɓi dosiyensu, wato takardun neman tallafin. Za a rufe ranar Juma'a, 19 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana.

Rajistata ta nuna Yalwa Nomau ta fara zuwa ranar Talata, 9 ga wata, ƙarfe goma da minti ashirin. Doguwa ce, 'yar shekara goma sha tara, daga Jiratawa. Makinta na bak, jarrabawar gama sakandare, ya fi na duk wanda ya zo kafin ita, kuma aikin ruwa da noman rani take so ta karanta. Takarda shida ake nema, ta kawo biyar. Wadda babu ita ce shaidar cewa ta taɓa yi wa jama'a hidima, mai hatimi.

Na ce, "Ɗiyata, saura guda."

Ta ce, "Na sani, Mushe. Mai hatimin ne ya ƙi." Mushe shi ne "malam" da Faransanci, haka ake kiran mu ma'aikata.

Ga abin da ya faru, kamar yadda ta gaya mini, daga baya kuma manoma suka maimaita. Mahaifinta Nomau shi ne mai rabon ruwa a wani sashe na fadama, gona arba'in da takwas a kan magudana ɗaya. Kowace gona da ranarta. Shi ke riƙe makullin ƙofar ruwa, ya buɗe wa masu rana, ya kulle. Da idonsa ya yi rauni sai makullin ya koma hannun Yalwa, tana da shekara goma sha shida. Takan buɗe da sassafe kafin ta tafi lise, makarantarsu ta sakandare, ta kulle da la'asar. Shekara uku tana haka.

Shugaban ƙungiyar manoman sashen, Alhaji Tanimu, ɗan kasuwa ne a unguwar Zariya, gonarsa kuma tana bakin magudana. A bazarar da ta gabata, ranar masu gonakin ƙarshe, ma'aikatansa suka karkata ruwa zuwa tattasansa. Yalwa ta zo ta maida ruwan hanyarsa, ta kulle, ta zauna a kan ƙofar har la'asar. Alhaji ya zo da kansa da mota. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ranarsa jibi ce, ba ta kuma tashi ba. Rabin tattasan ya yi yaushi.

Da ta je neman takarda sai ya ce zai ba ta, amma sai ta zo taron ƙungiya ta durƙusa ta ce ta yi kuskure.

Na ce, "To, ki je mana. Minti biyu ne."

"Haka Baba ya ce. Wai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Ta gyara mayafinta. "In na ce kuskure na yi, baɗi ranar Inna Lami mai gonar ƙarshe ta zama ta Alhaji, kuma babu mai cewa uffan. Takardar za ta ce na yi aikin gaskiya, ni kuwa in samo ta da cewa na yi laifi? Wallahi ba ni zuwa."

Na ce ba zan karɓi dosiye maras cika ba, kuma ban karɓa ba. Ta tsaya tana kallon wani mutum da ke dangwala yatsa a takardar sayar da fili, ina buga masa hatimi.

"Mushe, wannan hatimin naka, na wa ne?"

"Na duk wanda ya zo da ƙafarsa da katin ɗan ƙasa, ya sa hannu a gabana."

"Ko mutum nawa ne?"

Na ce doka ba ta faɗi adadi ba, na kuma gane manoma take so su yi mata shaida da kansu. Na kuma gargaɗe ta cewa hatimina yana shaida mai sa hannu ne kawai, kwamitin gidauniya zai iya ƙin takardar. Ta ce ta ji.

Ban sa ran sake ganinta ba, don Satumba lokacin girbin gero ne, manomi ba ya barin gona ya zo biro. Abin da na manta shi ne ranar rufewar ta faɗo ranar kasuwar Maradi.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na ranar Juma'ar, na ji hayaniya a ƙofa. Amalanke biyu ne da babura, da kwandunan zogale da buhunan albasa. Na ƙirga mutum talatin da ɗaya. Yalwa ta ɗora mini takarda shafi biyu, rubutun hannu: mu masu gonaki kaza mun shaida wannan ɗiya ta raba mana ruwa shekara uku. Nomau na gefe riƙe da sanda.

Ta farko a layi wata tsohuwa ce, Lami, mai gona ta arba'in da takwas, wadda ruwa ke isa wa a ƙarshe.

"Kai ne mai tambarin? Yi maza, zogalena na bushewa."

"Inna, kin san abin da aka rubuta?"

"Ni na faɗa aka rubuta. Shekara ashirin ina shan ragowar mutane, sai da 'yar makaho ta riƙe makulli na ga ruwa da rana tsaka."

Nomau ya ce, "Makahon na jin ki, Lami."

"Don ka ji na faɗa."

Kowane mutum minti uku yake ci: kati, suna, yatsa, hatimi, rajista. Huɗu ba su da kati, na sallame su, ɗaya ya zage ni har bakin hanya.

Sha biyu da rabi, ina kan mutum na ashirin da uku, direban Alhaji Tanimu ya shigo da ambulan. Labari ya kai Zariya cewa rabin sashen na biron magajin gari. A ciki takardar shaida ce, an buga ta da inji, ga hatimin ƙungiya, ga yabo sakin layi uku. Babu maganar durƙuso.

Na ja Yalwa gefe. "Wannan ita ce irin wadda kwamiti ya saba gani. Ki sa ta a sama, ki sa ta manoma a ƙasa."

Ta karanta har ƙarshe, ta ninke ta.

"Mutanen nan sun bar gero a gona saboda ni. Ba ni sa takardarsa bisa yatsunsu."

"Kina iya rasa tallafin."

"In rasa."

Ta miƙa wa direban, ya ce shi ba a aiko shi ya maida ba. Ta ajiye ta a kan teburina, ta kira na gaba a layi. Na rufe dosiyenta da yatsu ashirin da bakwai, ƙarfe ɗaya saura minti takwas, lamba ta 214.

Wata biyu ba labari. Na ji an yi gardama a kwamiti, har aka aiki mutum Jiratawa ya tambayi mutane. Ranar 24 ga Nuwamba aka aiko mini jerin sunaye in liƙa a allo. Yalwa Nomau ce ta tara.

Kafin ta tafi jami'a ta biyo ta yi mini sallama. Na tambaye ta wa ta bar wa makulli. Ta ce taro ya zaɓi Lami, kuma tsohuwar ta ɗaure shi a bakin zaninta, ko wanka da shi take shiga.

Takardar Alhaji Tanimu tana aljihun tebur na biyu, cikin takardun da ba a zo karɓa ba. Na rubuta mata kwanan wata da lokacin da ta iso.