Ɗigon Baƙin Mai da San Surukina

Akwai mako guda da ba na jin zai taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran. Makon da motona, wato babur ɗina, ya yi ta ɗigar da baƙin mai ne, ni kuma ina kallo na kasa gane komai, har abin ya kusa raba surukina da san nomansa guda tilo.

A lokacin ina karanta labarai da sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo a Filinge. Aikin ya saba mini da auna magana kafin in furta ta, ina kuma alfahari da hakan. Surukina manomin gero ne, unguwarmu ɗaya. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa zama mun yi hira ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin matata yake bi. Ta bakinta ne ya aiko cewa yana son aron moto, zai je ta'aziyya Bonkuku. Na ba da makulli da murna. Da yamma moto ya dawo a wanke tas, tanki cike da isansi, wato fetur. Ban yi mamaki ba. A wajenmu ba a mayar da kayan aro yadda aka karɓe shi. Ko kwano aka kawo maka da tuwo, ba ka mai da shi wayam.

Washegari da na dawo daga aiki na ajiye moto a zaure, sai na ga ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na tsuguna na leƙa. Wani siririn tiyo baƙi ne ya fito daga saman inji ya rataye ƙasa, bakinsa a buɗe, ba a haɗa shi da komai ba, daga nan man yake fitowa. Shekara biyu ina hawan moton nan ban taɓa lura da shi ba. Na ɗauka tsinkewa ya yi daga wani wuri. Na daɗe ina neman inda ya kamata a soka shi, ban samu ba. Sai na yi abin da na ga ya dace da hankali: tun da mai yana zuba, ai yana raguwa. Na sayo baƙin mai na ƙara.

Daga nan ruɗani ya fara. Na sa gwangwanin tumatir a ƙarƙashin tiyon don in ga yawan abin da ke zuba. Kullum in na dawo sai in tarar ya taru. Amma in na zaro tsinken awo da ke jikin murfin mai, sai in ga man ya wuce alamar sama. Na ce ko don moton a karkace yake. Na miƙar da shi, awon bai canza ba. Kwana na uku, maimakon ya ragu, sai na ga ya ƙara hawa. Na goge tsinken na sake awo har sau huɗu. Abu yana zuba kullum, ni ban sake ƙarawa ba, amma yana ƙaruwa. Na zauna a bakin zaure ina kallon gwangwani kamar zai yi mini bayani.

Da na ba abokin aikina mai haɗa sauti labari, dariya ya yi har da buga tebur. "Kai ka ka karanta muna labarin rijiyoyin mai na gabas, ashe kana da taka cikin zaure! Ka ba ni hannun jari tun gwamnati ba ta ji ba." Shi ne ya ce in toshe tiyon kowa ya huta. Na fiƙe ɗan icce na cusa. Ban kai tasha ba mai ya fara tsattsafowa ta gefen inji, ya ɓata mini ƙafar wando, salansa na ta da hayaki. Na tsaya na zare iccen. Yanzu ban san ko ciwo ɗaya nake jinya ba ko biyu.

Na kai shi wurin wani bakanike a bakin hanya. Bai ko taɓa murfin mai ba. Ya ga hayaki, ya ga tiyo, ya ce zobban cikin inji sun cinye, sai an buɗe, in abin ya yi nisa kuma sai sabon inji. Ya ce, "Wa ka ba shi ya yi mishi hawan ƙawara?" Na ja motona na tafi. Da na koma gida matata ta tambaye ni abin da aka ce, na faɗa mata, sannan na ƙara da cewa, "Abin mamaki, tun ranar da Baba ya dawo da shi ya fara." A wurina rahoto ne kawai na bayar, rana kaza abu kaza ya faru. Ban ga yadda fuskarta ta canza ba, don hankalina yana kan gwangwani.

Ranar kasuwar Baleyara da sassafe, kafin in yarda a farke inji, na tura moton wurin wani tsohon bakanike da ke bayan masallacin unguwarmu, wanda ya rage aiki saboda ciwon baya. Ya sa na ɗora shi kan ƙafa biyu, ya zaro tsinke, ya dube shi, ya dube ni. Ya kwance kusar ƙasa, ya tara tasa, ya bar mai ya yi ta zuba har na fara jin tsoro. Sannan ya ɗaure, ya auna, ya wanke soson iska, ya tayar. Hayaki ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ya sa yatsa a bakin tiyon, iska kaɗai ke fita.

"Wanga tiyo hancin inji ne," in ji shi. "Haka aka yi shi, a buɗe. Ta nan shika numfashi. In ka cika mishi ciki ya wuce awo, ta nan zai amayar. In da zobba ne da ba ya daina ba. Lahiyar injinka lau. Wa ka ɗura mishi mai haka?"

Na ce sau ɗaya na ƙara. Ya nuna tasa da baki. "Malam, sau guda ba ya yin wanga. Tai gida ka yi tambaya."

Ina shiga gida na tarar da matata zaune idanunta jawur. Na ce ko ta san wani yana taɓa moton. Ta tashi ta jawo kwalbar baƙin mai daga bayan randa, da kofin shayi duk ya yi baƙi. Ashe ranar da Baba ya dawo, bayan isansi har baƙin mai ya ƙara, don kada ya mayar da inji da yunwa bayan doguwar tafiya. Da ya ji labarin ɗigo sai ya aiko da kwalba, ya ce kullum in na fita sallar asuba ta zuba kofi ɗaya, kada injin ya bushe, kuma kada ta faɗa mini don kada in ji nauyi. Ina tsaye ina ƙoƙarin haɗa maganar a kaina ta ce, "Ba shi ke nan ba. Maganar da ka yi na hwaɗa ma Inna. Jiya da marece Baba ya ɗora san nan nashi a mota, ya tahi Baleyara ya sai da shi. Ya ce shi ya kashe maka inji, shi zai saya maka wani."

San nan shi ke jan amalankensa. Kaka ta ƙarato, gero na tsaye a gona, kuma da shi yake kwaso damma, da shi yake ɗebo ruwa. Baba ba ya riƙe salula. Na hau moto ko hula ban ɗauka ba. Duk tsawon hanya ina sunkuyawa ina leƙen tiyo, ina kuma tunanin da wane baki zan yi wa mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba magana.

Rana ta ɗaga na isa kara, inda ake cinikin shanu. Na yi ta kutsawa tsakanin shanu har na hango farin san da tabon baƙi a wuya. Baba na zaune a gefe, dillali ya riƙe igiya, wani mai saye yana buɗe bakin san yana duba haƙora. Na tuɓe takalmi a cikin kashin shanu na durƙusa. Baba ya kau da kai. Na juya wurin dillali na ce, "Don Allah a hwaɗa ma Baba moto ya warke. Ba inji ba ne. Mai ne ya yi yawa."

Dillali ya dube ni, ya dubi Baba da ke zaune taku biyu daga inda nake. "Tsoho, ka ji?"

Baba ya ce wa dillali, "Tambaye shi, mai yana yawa ne? Ce mishi kar ya rufa mani asiri da ƙarya."

Na ce a gaya wa Baba a kan moton na zo tun daga Filinge, ga shi can a bakin kara, a je a duba ƙasansa. Mai saye ya ce shi fa bai gane ba, sa ake sayarwa ko moto? Muka ɗunguma mu huɗu. Baba ya tsuguna da kansa, ya shafa bakin tiyo, ya dubi yatsansa. A bushe. Na zayyana wa dillali yadda aka yi, tun daga man da na ƙara har kofin shayin matata. Sannan, karo na farko tun aurena, ya yi magana ba ta bakin kowa ba, ko da yake tayar moto yake kallo. Ya ce, "To ni da na zuba, kai ma ka zuba, ita ma ta zuba?" Na ce, "E, Baba." Ya ce, "Allah Ya sawwaƙe." Ya miƙe ya karɓi igiyarsa daga hannun dillali, wanda ya bi mu da mita cewa mun ɓata masa safiya a kan kofin shayi.

A kakar nan san ya kwaso geron Baba, har damma uku aka sauke a ƙofar gidana ba tare da saƙo ba. Har yau ina tuɓe masa takalmi. Amma abin da makon nan ya koya mini shi ne, mu uku kowa alheri yake yi a ɓoye, kuma ɓoyewar ce ta kusa tafiya da san. Tun daga lokacin, kafin in ƙara wa inji komai sai na auna, kafin in faɗi magana a gida kuma sai na tuna kunnen da za ta ƙare a ciki. In abu ya shige mini duhu, ko a gaban suruki ne, nakan durƙusa in tambaya.