Hoton Ƙwaryar Hansatu

Kafin a kira ni 'yar damfara, yarinya ce ni mai shiru-shiru a Dutse. Mahaifina malamin allo ne, ni kuma na yi boko har jami'a. Ba abin da nake so kamar in zauna a bayan gidanmu ina kallon duwatsu, ina rubuta abin da ya zo mini a rai. Kowa cewa yake ina da baiwar rubutu.

Da na gama karatu sai na shiga aikin sa-kai a wata ƙaramar ƙungiya mai kula da matan da tashin hankali ya rutsa da su. Ɗaki ɗaya ne da tabarmi, a hannun wata dattijuwa da muke kira Hajiya Iya. Aikina shi ne sauraro. Ran da na fara ta kafa mini doka: ba hoto, ba rubuta suna, abin da kunne ya ji ba ya tsallake ƙofa.

A nan na san Hansatu, Bafillatana daga wata ruga ta wajen Miga. A gabanta aka kashe mijinta a rigimar burtali, kuma ita kaɗai ta ga wanda ya yi. Shi ya sa aka ɓoye ta a wani gida a Dutse har ranar da za ta ba da shaida a kotu. Ba ta magana da kowa. Sai dai idan ta ɗauki ƙwarya da 'yar wuƙarta tana zane, bakinta kan buɗe kaɗan-kaɗan. A haka ta ba ni labarinta, tana kirana ƙanwarta.

Da fari a littafina kawai na rubuta shi. Daga baya na ga ya yi kyau, na sauya suna na ɗora a shafina na sada zumunta. Yabo ya yi ta zuwa, ya yi mini daɗi. Wasu suka ce za su taimaka, na ba su lambar asusuna. Kuɗin farko na saya wa matan sabulu, na biyu na sayi waya. Kafin in ankara ina ƙirƙiro matan da ba su taɓa wanzuwa ba, ina sayar da hawayensu.

Da mutane suka fara neman shaida, sai na ɗauki hoton hannun Hansatu da ƙwaryarta. Na lallashi kaina da cewa ai ba fuska. Ta ɗago ta tambaye ni abin da nake yi, na ce zanen ne ya burge ni. Ta yi murmushi, karo na farko da na gani.

"Na innata ne, ƙanwata," in ji ta. "A rugarmu ko yaro ya gani ya san gidan da ya fito."

Na ji da kunnena, kuma na ɗora hoton.

Bayan 'yan kwanaki wani mutum mai ladabi ya kira ni, ya ce yana da buhun gero da yake so ya ba mai ƙwaryar nan hannu da hannu. Ni na nuna masa gidan. Washegari da hantsi shi da wasu mutane suka tare ta a hanyar famfo, suka kai mata sara. Ta kare kanta da hannun dama, saran ya sauka a kai. Ta rayu, amma yatsun ba su sake motsi ba, bakinta ma ya koma ya rufe. Ba ta ba da shaidar ba. Wanda ya kashe mijinta yana nan yana yawonsa.

Binciken 'yan sanda ya tono hoton, ya tono asusun da matan ƙarya. Aka ɗaure ni. Hajiya Iya ta zo gidan yari sau ɗaya. Ba ta zage ni ba. Ta ce mata huɗu sun daina zuwa ɗakin, waɗanda suka rage kuma sai gaisuwa.

Da aka sake ni na tuba ga Allah, na je Taura inda Hansatu ke zaune a gidan yayanta. Na durƙusa na roƙi gafara. Ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar nan a hannun hagu, zanen ya tsaya a rabi. Ta ajiye a gabana ta koma ciki. Har yau ban san ko yafiya ce ba.

Ƙannena, ban taɓa ɗaukar makami ba, amma ni na sare hannun nan. Idan mai ciwo ya buɗe muku cikinsa, ku sani amana ya ba ku, ko da labarin ya kai zuma daɗi. Kada ku taɓa shi don yabo, balle don kuɗi. Ƙwaryar tana kan teburina, a wurin da littafina yake a da.