Kwanon Gidanmu a Ciyayyar Kasuwa

Ranar da likita ya ce Baba yana da hawan jini, tukunyar gidanmu ce ta fara ji a jikinta. Mu nan unguwar Kilomita Biyar a Bangui tansiyo muke ce wa ciwon. Likita bai ɓoye komai ba: magani kullum, a rage gishiri da dunƙule da mai, in ba haka ba wata rana ɓarin jiki zai iya shanyewa. Mama tana dawowa gida ta ɗauke robar gishiri ta kai ɗakinta.

Ta koma daddawa, tafarnuwa, citta, busasshen kifi. Zogale kam har muka gaji da ganinsa. Zoɓo, wanda a nan ake ce wa karkanji, ta dinga dafa masa ba sukari. Baba ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Wannan ai horo ne, ba abin sha ba."

Amma tansiyo ya ƙi sauka. Ni nake raka shi awo a farmasi, kullum mai awon sai ya girgiza kai. Magani a gabana yake haɗiyewa. Kwanon da ake kai masa kasuwa kuma tas yake dawowa. Mama har ta fara ramewa don tunani.

Baba atamfa yake sayarwa. A layinsu ciyayya suke yi: bayan azahar kowane gida ya aiko da kwano, a shimfiɗa tabarma a bayan shago, a ci tare. Su huɗu ne. Shi, da Alhaji mai takalma ɗan Nijar, da wani ɗan Cadi mai sarin shinkafa, sai maƙwabcinsu haifaffen unguwar Miskine, wanda matarsa ta yi suna wajen ngunza, miyar ganyen rogo, man ja har yana iyo a kai. Baba ya riga ya ja mana kunne: kar wanda ya ji zancen ciwonsa a kasuwa, kar a ce ya tsufa.

Rannan na biya kai masa cajar waya da ya manta, na same su suna ci. Hannun Baba tsundum cikin ngunza, ga soyayyen naman gidan ɗan Cadi a gabansa. Kwanon gidanmu yana can gefe a rufe, yana jiran masu dako, ashe su suke cinyewa. Kusa da shi kuma wani kwanon, shi ma a rufe.

Baba ya gan ni. "Ke, ba a sallama ne?"

"Na yi, Baba. Bakinka ne a cike."

Alhaji mai takalma ya turo min kwano na biyun. "Ɗiyata, ci wannan, daga gidana ne. Hajiya ta iya miya." Na ɗanɗana. Lami! Ba gishiri, sai ƙamshin daddawa, sak irin tamu.

Da na ba Mama labari ba ta yi faɗa ba, mayafi ta ɗauka. Muka hau babur sai gidan Alhaji. Ana gama gaisawa Mama ta ce, "Hajiya, gishiri ya ƙare miki ne?"

Hajiya ta dube ta, ta kama baki. "Kar dai ke ma?"

Suka yi ta dariya har da hawaye. Ashe Alhaji ma tansiyo ne, shi ma ya ce kar a faɗa. Kowannensu yana gudun kwanon gidansa, sun taru sun tare a na mutane.

Daga nan suka zarce sauran gidajen biyu. Matar ɗan Cadi ta ce ai nata ma tana ganin ƙwayoyi a aljihun jallabiyarsa. Mai ngunza ta dafe ƙirji, ta ce da yaren Sango, "Ni ina murna ana yabon miyata, ashe mazan mutane nake ƙarasawa!"

Washegari kwano huɗu suka iso tabarma, duk an rage musu gishiri da mai. Da yamma Baba ya shigo yana ƙunƙuni. "Wai gishiri ya yi tsada ne a Bangui?"

Mama ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙila motocin Kamaru ne ba su iso ba, Alhaji."

Ba wurin gudu, dole suka ci. A hankali baki ya saba.

Bayan 'yan makonni muka koma farmasi. Muna shiga sai ga Alhaji mai takalma a kan benci, ya naɗe hannun riga.

Baba ya tsaya. "Alhaji, kai ma?"

"Rakiya na yi."

"Rakiyar wa, hannunka a naɗe?"

Suka fashe da dariya, Baba ya zauna kusa da shi ya naɗe nasa. Mai awon ya duba na'ura, ya sake dubawa, ya ce tansiyon Baba ya sauka sosai, a ci gaba da maganin da abincin yadda ake yi. Tun a bakin ƙofa na kira Mama. Baba yana bayana yana gaya wa Alhaji wai karkanji ne sirrin, ya biyo shi gida ya sha, amma ya sani ba sukari.