Saurayin da ke Bayan Ozell Tatum

Doyle Pruitt ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran injina a masaƙar auduga ta garin Haddon, a jihar Carolina ta Arewa. Da aka rufe masaƙar, bai cika kwana goma a gida ba matarsa Arlene ta ce ya fita ya nemi abin yi, don ta gaji da ganinsa yana kwance famfon da babu abin da ya same shi. Da haka ya zama mai duba tikiti a ƙofa ta uku ta filin besbol na garin, wasan nan da ake dukan ƙwallo da gora a ruga, inda ƙungiyar Masaƙan Haddon ke wasa. A ƙofar nan tsufa ya cim masa. Arlene ta rasu, gwiwoyinsa suka fara ciwo, amma in dai da wasa, za ka same shi tsaye da jar hularsa da ƙullin dafaffiyar gyaɗa a aljihu.

Ƙungiyar ba babba ba ce. Matasa ne ke ratsa ta a hanyarsu ta zuwa manyan birane, su ɗan karɓi albashi shekara ɗaya ko biyu su wuce. Amma tana da tarihi, kuma tarihin yana bakin Doyle. Shi zai gaya maka yadda mai masaƙar ya kafa ta a 1927 don ma'aikata su daina dambe ranar Asabar, da yadda rumfar katako ta ƙone a 1949, da yadda aka sayar da ƙungiyar ga wani gari har ciyawa ta cinye filin shekara goma sha ɗaya kafin a dawo da ita. Shekara ɗaya ce kawai ba ya son tsayawa a kanta, wato 1956, alhali a shekarar suka ci kofi. In an tambaye shi sai ya ce, "An yi zafi a wannan shekarar," ya shiga wata maganar.

Da ƙungiyar ta cika shekara casa'in, sai aka ɗauko wata matashiya mai zane, Danika Rourke, ta zana tarihin a doguwar katangar da ke fuskantar ƙofa ta uku. Zanen zamani ne, ba irin na hoton kalanda ba. Ta yanyanka jikin 'yan wasan da launuka masu kaifi, shuɗi da ja da rawaya, gorar bugu ta fi mai riƙe da ita tsawo. Mako shida tana aiki a bayan tamfol. Tsakiyar katangar kuwa ta ba Ozell Tatum, baƙin mutum na farko da ya sa rigar ƙungiyar.

Wata safiya Doyle ya iso, ya tarar da abokinsa Harlan Stokes mai sayar da gugguru ya ɗaga gefen tamfol yana ƙyalƙyala dariya.

"Doyle! Taho ka ga ikon Allah. Sun manna ka a bango, tsoho!"

"Kai dai ba ka rabo da shirme."

"Shirme? To kunnuwan nan na wane ne? Duk gundumar nan wa ke da kunnuwa kamar an bar ƙofofin mota a buɗe in ba kai ba?"

Doyle ya leƙa. Ga Ozell Tatum ya sheƙo a guje zai taka gida, wato wurin da ake takawa a ci maki, tsawonsa ya yi na mutum uku. A bayansa, wani saurayi ya rankwafo kan ƙarfen rumfa, baki a buɗe, hannun dama a sama. Danika ta samo shi ne daga wani tsohon hoton jarida, ta kuma shafa masa rawaya mai haske kamar fitila. Kowa ya gani zai ce ihun murna yake yi.

Doyle ya ja da baya. Ya san ranar. Asabar ce ta watan Yuli, yana da shekara goma sha tara, ya fito daga aiki da abokansa sun ɗan sha. A lokacin baƙaƙen mutane can ƙarshen fili ake ajiye su, a kan benci marar rumfa, su kuwa farare suna inuwa. Tun farkon wasa ake zagin Tatum, ɗan wasan ƙungiyarsu, wanda yake ci musu wasa. Da ya taho a guje, Doyle ya rankwafa ya ƙwala masa kalmar nan da ba ta faɗuwa, sannan ya wurga masa kwalbar lemo. Hannun da ke sama a hoton, sakin kwalbar ke nan. Ta same shi a bayan kunne. Tatum bai ko waiwayo ba, ya taka gida, ya wuce bencin 'yan wasa jini na bin wuyan rigarsa. Abokan Doyle suka yi ta bubbuga masa kafaɗa. Ƙarshen shekarar Tatum ya tattara ya bar garin, bai sake dawowa ba.

Shekara sittin da ɗaya Doyle bai gaya wa kowa ba, har Arlene ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Kafin mako ya zagayo labari ya game gari. Masu shiga fili suna miƙa masa hannu, suna cewa, "Ashe tun wancan lokacin kai mutumin kirki ne, Mista Pruitt." Fasto ya ambace shi a coci. Kantin ƙungiyar ya buga ƙananan kwafin zanen a kan ƙyalle, jikarsa Shelby, wadda take aikin jinya, ta sayo guda ta kafa masa a bangon ɗakin cin abinci.

"Kaka, dubi yadda ka yi kyau! Me kake ce masa ne a nan?"

"Na manta, 'yar nan. An daɗe."

Daga ranar ya koma cin abinci a tsaye a kicin.

Aka sa ranar buɗe zanen, wata Asabar da rana. Ƙungiyar ta gayyato 'yar Tatum daga Baltimore, Madam Vernice, tsohuwar shugabar makaranta, doguwar mace mai furfura da sanda. Aka yaye tamfol, aka yi tafi. Ta daɗe tana kallon mahaifinta a bango. Can sai manajan ƙungiyar ya riƙo hannun Doyle ya kawo shi gabanta.

"Madam, ga abin mamaki. Wannan dattijon shi ne saurayin da ke yi wa babanki kirari a bango. Ku tsaya a ɗauke ku tare mana."

Ta yi murmushi ta miƙo hannu. Doyle ya dubi hannun, ya kasa kamawa. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Madam, ba kirari nake yi masa ba."

Manaja ya yi 'yar dariya, yana zaton wasa ne. Doyle bai dube shi ba.

"Zaginsa nake yi. Hannun nan da kike gani, kwalba na jefa. Ta same shi."

Murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta janye hannunta ta ɗora kan sandar.

"Bayan kunnen hagu," in ji ta. "Ɗinki huɗu. Ina ƙarama nakan taɓa wurin in tambaye shi, sai ya ce wai zakara ne ya cake shi. Sai da na yi aure mahaifiyata ta gaya mini gaskiya."

"Ki yafe mini, don Allah."

"Mista Pruitt, wanda kake nema ya rasu tun 1998. Shekara arba'in da biyu ya yi a raye bayan wannan rana, yana raba wasiƙu a Baltimore, sunansa na cikin littafin lambobin waya. Ni ba a jefe ni ba, ba ni da abin da zan yafe maka. Hoto kuma ba zan tsaya da kai ba." Ta nuna Danika da haɓa. "Je ka gaya wa yarinyar can abin da ta zana."

Ya je ya gaya mata. Danika ta zauna a kan bokitin fenti ta dafe kai.

"Wayyo ni. Launin da ya fi kowane haske a bangon nan kai na ba wa."

Ta ce gobe da safe za ta shafe shi ta mai da wurin sararin sama. Doyle ya ji wani sanyi a ransa, har ya buɗe baki zai yi godiya, sai muryar Madam Vernice ta zo daga bayansu.

"Kada ki taɓa shi. Babana bai yi gudun nan a filin da babu kowa ba. Ki bar shi inda yake, a rubuta a ƙasa abin da yake yi."

Haka aka yi. Aka kafa ƙaramin allon ƙarfe a gindin katangar. Manaja ya so a rubuta "wani ɗan kallo" kawai, Doyle ya ce a sa sunansa cikakke, tunda da sunan nan ya karɓi gaisuwar mutane wata guda.

Shelby a bakinsa ta ji, a teburin kicin, kafin ta ji a gari. Ta tashi ta wanke kwanonin da suke a wanke, ta ɗauki jakarta ta tafi. Ranar Lahadi ta zo ta kai shi coci kamar yadda ta saba, amma ta ƙure rediyon mota har suka isa.

Harlan kuwa mako biyu yana kewaye ƙofa ta uku. Ran nan ya turo kekensa ya tsaya kusa da Doyle, yana kallon wani wajen.

"Ni ma ina wurin ranar, ka sani. Layi biyu a bayanka."

"Ka yi jifa?"

"A'a. Dariya na yi."

Aka buɗe ƙofa, kowa ya kama aikinsa.

Doyle ya ƙarasa wannan shekarar a bakin aikinsa, katangar na gabansa kullum. Wasu su karanta allon su ɗago su dube shi, wasu su koma ƙofa ta biyu, wasu ma ba su lura ba. Ya daina ba da tarihi sai in an tambaye shi, in kuwa an tambaya, da 1956 yake farawa, kansa a sunkuye. Da sanyi ya shigo gwiwoyin suka ƙi gaba ɗaya, Shelby ta kwashe shi ya koma gidanta. A can ya zauna ya rubuta wa Madam Vernice wasiƙa shafi uku, ya yaga, ya sake rubuta shafi ɗaya ya aika. Ba ta amsa ba. Shi ma bai ƙara rubuta wata ba, don ya ce matar ta riga ta faɗi abin da za ta faɗa.